Tarihin Babbar Manhajar Kwamfuta da Dalilan da Suka Sa Masu Amfani Ba Su Cika Sauya Ta ba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya sayi kwamfuta a yau, sabuwa ce daga kanti ko ta hannu ce daga 'yan gwanjo, da zarar ya kunna ta zai tarar da ita a shirye domin aiki. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne babbar manhaja, irin su Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da kuma Linux wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Yawancin kwamfutoci an ƙera su ne ta yadda za a iya goge babbar manhajar da ke cikinsu a ɗora wata, kuma tun farkon shekarun 1990 akwai waɗanda ake rabawa kyauta. Duk da haka, ƙalilan ne daga cikin masu amfani da kwamfuta suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu. Galibi da manhajar da kwamfuta ta zo, da ita take tsufa har a jefar da ita.

Bayanin da aka fi ji game da wannan hali shi ne rashin sani, ko ƙyuya, ko kuma sabo wanda Bahaushe ya kira turken wawa. Wannan maƙala tana ganin bayanin bai gamsar ba. Manufarta ita ce ta bi tarihin lamarin daga 1975 zuwa 2025 domin ta nuna cewa zaɓen babbar manhaja ya daɗe da barin hannun mai saye ya koma masana'anta, kuma yarjejeniyoyin ciniki ne suka mayar da shi can. Daga ƙarshe za a dubi yadda wannan tarihi ya shafi rubuta harsunan Nijeriya a kwamfuta.

2.0 Ma'anar Babbar Manhaja

Kwamfuta ta ƙunshi sassa biyu, wato gangar jiki da manhaja. Gangar jiki ita ce abin da ake iya taɓawa, kamar allon rubutu da fuska da ƙwaƙwalwa da faifan ajiya. Manhaja kuwa jerin umurni ne da ke sarrafa waɗannan sassa. Ita ma manhajar iri biyu ce. Akwai ƙananan manhajoji da ake yin wani aiki takamaimai da su, kamar buga wasiƙa ko lissafin kuɗi. Akwai kuma babbar manhaja wadda ke tsakanin gangar jiki da ƙananan manhajojin. Ita ce ke raba musu wuri a ƙwaƙwalwa, ta adana fayil-fayil, ta karɓi abin da aka danna a allon rubutu, ta kuma fito da haruffa a fuska.

Abin lura a nan shi ne, kowace ƙaramar manhaja ana rubuta ta ne domin wata babbar manhaja ta musamman. Wadda aka rubuta domin Windows ba ta aiki kai tsaye a kan Linux, sai an sake mata gini ko an nemo wata dabara. Wannan ƙa'ida ce tushen yawancin abubuwan da za a tattauna a gaba.

3.0 Zamanin da Mai Kwamfuta Ke Ɗora wa Kansa (1975–1981)

Ƙananan kwamfutocin farko ba su zo da babbar manhaja ba. Altair 8800, wadda kamfanin MITS na Amurka ya fitar a farkon 1975, ana sayar da ita ne a wargaje, mai saye ya harhaɗa da kansa, kuma ta hanyar ɗaga 'yan maɓallan da ke gabanta ake shigar mata da umurni. Masu sayenta injiniyoyi ne da ɗalibai da masu sha'awar kayan lantarki. A wajen irin waɗannan mutane wahalar ita ce abin marmarin.

A daidai wannan lokaci Gary Kildall ya rubuta CP/M, ya kuma kafa kamfanin Digital Research domin sayar da ita. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ta zama babbar manhajar da ƙananan kwamfutocin ofis suka fi amfani da ita. A faifan fulofi take zuwa, kuma duk lokacin da za a kunna kwamfuta sai an zura faifan. Ke nan a wancan zamani babbar manhaja aba ce da mutum ke riƙewa a hannu, ya san sunanta, ya san kuɗinta, kuma sauya ta bai wuce cire wani faifai a zura wani ba.

To amma tun a lokacin an fara ganin inda kasuwa ta dosa. A 1977 aka fitar da Apple II da Commodore PET da TRS-80, waɗanda suka zo a harhaɗe, da harshen umurni na BASIC a dashe cikin ƙwaƙwalwarsu. Da an kunna su sun shirya. Cinikin da aka yi nasu ya nuna wa masu ƙira cewa jama'ar gari na son na'urar da ba ta bukatar shiri.

4.0 Yarjejeniyar IBM da Microsoft

A 1980 kamfanin IBM, wanda shi ne babba a duniyar kwamfuta a lokacin, ya ƙudura fitar da ƙaramar kwamfuta cikin gaggawa. Domin kada a ɓata lokaci sai ya nemi sassa da manhaja daga waje. Tattaunawarsa da Digital Research ba ta kai ga matsaya ba, sai ya juya ga Microsoft, aka ƙulla yarjejeniya a watan Nuwamba na 1980. Shi Microsoft ba shi da babbar manhajar da ta dace, don haka ya sayi 86-DOS, wadda Tim Paterson ya rubuta wa kamfanin Seattle Computer Products, ya yi mata gyare-gyare.

An ƙaddamar da IBM PC ranar 12 ga watan Agusta, 1981. A ƙa'ida an bai wa mai saye zaɓi uku: PC DOS, da CP/M-86, da UCSD p-System. Sai dai PC DOS ce ta riga isa kanti a kan dala 40, ita kuwa CP/M-86 sai bayan watanni ta fito, a kan dala 240. Kowa ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Kafin a ankara masu rubuta ƙananan manhajoji sun karkata ga DOS, kuma fitowar manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 a watan Janairu na 1983 ta ƙara ɗaure 'yan kasuwa ga wannan tsari.

Wani sharaɗi a cikin yarjejeniyar ya fi farashin tasiri. IBM bai hana Microsoft sayar wa wasu kamfanoni wannan manhaja ba. Da kamfanoni irin su Compaq suka fara ƙera kwamfutocin da ke kwaikwayon ta IBM daga 1983, sai dukansu suka nemi lasisin manhajar a ƙarƙashin sunan MS-DOS. Daga nan babban abokin cinikin Microsoft ya zama mai ƙera kwamfuta, wanda ke sayen lasisi dubbai a lokaci ɗaya. Mai saye ɗaya tilo ya koma gefe.

5.0 Yadda Zaɓi Ya Koma Masana'anta (1983–2001)

5.1 Faifan ajiya na ciki

A 1983 IBM ya fitar da samfurin XT mai faifan ajiya na ciki, mai ɗaukar megabayit 10. Da irin wannan faifai ya yaɗu, sai ya zama ana iya zaunar da babbar manhaja a cikin kwamfuta dindindin. Sannu a hankali masu ƙira suka ɗauki nauyin ɗora ta tun a masana'anta, musamman bayan fitowar Windows 3.0 a watan Mayu na 1990. Akwai hujja mai ƙarfi ta yin haka, domin aikin ɗorawar ya yi nauyi. Windows 95, wadda aka fitar ranar 24 ga watan Agusta, 1995, a faifan fulofi 13 take zuwa ga wanda ba shi da na'urar faifan CD. Bayan haka kowace na'urar buga takarda da kowane katin sauti yana bukatar 'yar manhajar da za ta sada shi da babbar, kuma idan aka rasa ta na'urar ta zama kurma. Mai ƙira ya san sassan da ya sa, shi ya fi kowa iya daidaita su. Ta haka aka wayi gari akwai miliyoyin masu kwamfuta da ba su taɓa ganin yadda ake ɗora babbar manhaja ba, har wasu ba su san cewa ita da kwamfutar abubuwa biyu ne ba.

5.2 Lasisin kowace ƙwaƙwalwa

Sauƙaƙa wa mai saye ba shi kaɗai ne dalili ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 Microsoft ya riƙa ba masu ƙira rangwame idan sun amince su biya shi a kan kowace kwamfutar da suka fitar mai wani nau'in ƙwaƙwalwa, ko sun ɗora mata MS-DOS ko ba su ɗora ba. Ma'anar wannan ita ce, duk kamfanin da ya so ya sa wata manhaja dabam, sau biyu zai biya. DR DOS ta Digital Research, wadda ta sami yabo a 1990, tana cikin waɗanda wannan tsari ya taushe. A watan Yuli na 1994 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa Microsoft ya sa hannu a kan yarjejeniyar daina irin wannan lasisi, kotu ta tabbatar da ita a watan Agusta na 1995. Amma kafin nan kasuwa ta riga ta zauna.

5.3 OS/2 da BeOS

Kamfanoni biyu sun gwada sa'arsu bayan haka. IBM ya haɗa hannu da Microsoft suka fitar da OS/2 a 1987, suka raba gari a 1990, IBM ya ci gaba shi kaɗai har ya fitar da OS/2 Warp a 1994 tare da talla mai yawa. Masana da dama sun yaba ingancinta, amma ba ta sami masu ƙira da yawa da za su ɗora ta ba.

Labarin BeOS ya fi fito da matsalar fili. Jean-Louis Gassée, tsohon jami'in Apple, shi ya kafa kamfanin Be. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Hitachi na Japan ya yarda ya sa BeOS a wasu kwamfutocinsa tare da Windows, sai dai an fitar da su ba tare da jerin zaɓin da zai nuna wa mai kunnawa cewa akwai manhaja ta biyu a ciki ba. A 1999 Gassée ya yi tayin bayar da BeOS kyauta ga duk babban mai ƙira da zai ɗora ta yadda mai saye zai gan ta, bai sami mai karɓa ba. A 2001 aka sayar wa kamfanin Palm kadarorin Be. Kamfanin ya kai Microsoft ƙara a 2002, aka sasanta a 2003 a kan dala miliyan 23 da dubu 250, ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

5.4 Abin da kotu ta gano

A watan Mayu na 1998 gwamnatin Amurka da wasu jihohinta suka gurfanar da Microsoft a kan zargin danne abokan gasa. Ranar 5 ga watan Nuwamba, 1999, Mai Shari'a Thomas Penfield Jackson ya fitar da abubuwan da kotu ta tabbatar. Ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin da ke bin tsarin Intel manhajar Microsoft suke amfani da ita. Ya kuma bayyana shingen da ke kare wannan matsayi: akwai ƙananan manhajoji fiye da 70,000 da aka rubuta domin Windows, alhali OS/2 a ganiyarta ba ta wuce kimanin 2,500 ba. Mai saye yana bin inda manhajoji suka fi yawa, mai rubuta manhaja yana bin inda masu saye suka fi yawa, kowanne yana jiran ɗaya ya fara motsawa. A watan Yuni na 2000 alƙalin ya ba da umurnin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umurnin a 2001, aka ƙare da sulhu.

6.0 Linux: Gwajin Manhajar Kyauta

Idan da tsada ce kaɗai ke hana mutane sauyi, da Linux ta warware matsalar. Richard Stallman ya soma shirin GNU a 1983 da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa. A watan Agusta na 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da aikin da ya zama zuciyar Linux. Cikin shekaru kaɗan ta mamaye manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, inda ƙwararru ne ke yin zaɓi. A teburin gida da na ofis kuwa labarin ya bambanta.

Ranar 15 ga watan Fabrairu, 1999, masu amfani da Linux suka yi jerin gwano zuwa ofisoshin Microsoft a wasu biranen Amurka suna neman a mayar musu da kuɗin Windows da aka haɗa musu a farashin kwamfuta ba da sonsu ba. Aka ce su koma ga masu ƙira. An ci gaba da wannan jayayya a kotunan Turai. A 2014 kotun ƙoli ta Italiya ta ba wani mai saye gaskiya a kan neman kuɗinsa, amma a 2016 Kotun Tarayyar Turai, a wata shari'a da ta shafi kamfanin Sony, ta yanke cewa sayar da kwamfuta haɗe da manhaja ba zalunci ba ne a karan kansa.

Ta fuskar sauƙin ɗorawa an yi nisa ƙwarai. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ɗauki nauyinta, ta fito a watan Oktoba na 2004, kuma har zuwa 2011 ana aika faifanta kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema. Kamfanin Dell ya fara sayar da wasu kwamfutoci da Ubuntu a 2007. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha, Eee PC, ɗauke da Linux, kuma jama'a suka yi rububinta. Microsoft ya mayar da martani a 2008 ta hanyar tsawaita sayar da Windows XP ga masu ƙera irin waɗannan kwamfutoci a farashi mai rahusa, kuma kafin ƙarshen 2009 galibinsu sun koma Windows. A duka matakan biyu masu saye sun karɓi abin da suka tarar a kanti.

Hukumomi ma ba su sami abin da sauƙi ba. Majalisar birnin Munik ta Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003. Sai da aka shafe shekara goma kafin a kammala sauya kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, kuma a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi akwai wahalar musayar takardu da sauran hukumomi, da kuma manhajojin aiki da ba su tafiya sai a kan Windows.

A Nijeriya ma an ga makamancin haka. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sanar da cinikin ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 na 'yan makaranta. Ba da jimawa ba aka ji cewa za a goge ta a sa Windows, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi. Daga baya asusun gwamnati da ya biya kuɗin mafi yawan kwamfutocin ya ce yana son a bar Linux. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, tsakanin kamfanoni da hukuma aka yi dambarwar. Yaran da za su zauna a gaban kwamfutocin abin da aka miƙa musu za su koya.

7.0 Dalilan a Dunƙule

Daga wannan tarihi ana iya fitar da dalilai biyar. Na farko, kwamfuta tana isa hannun mai ita da manhaja a ciki, kuma kuɗin manhajar a ɓoye yake cikin farashi, don haka ba ya jin ya sayi wani abu da zai iya musanyawa. Na biyu, ƙananan manhajojin da yake cin abinci da su, da takardun da ya tara, da abokan aikin da yake musaya da su, duk a kan tsari ɗaya suke. Na uku, akwai haɗari: kuskure ɗaya wajen raba faifan ajiya yana iya shafe aikin shekaru, kuma tun fitowar Windows 8 a 2012 an ƙara wani matakin tsaro a wajen kunna kwamfuta wanda wani lokaci sai an shiga saitin cikinta an daidaita kafin ta karɓi wata manhaja. Na huɗu, taimako yana inda jama'a suke. A kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas da takwarorinta na sauran birane, idan kwamfuta ta rikice wajen mai gyara ake kai ta ya yi mata fomatin, shi kuma abin da ya iya, wanda kuma ba za a dawo masa da ƙorafi a kansa ba, shi yake ɗorawa. Na biyar, ribar sauyin ba a fili take ba ga wanda bukatarsa ita ce ya buga takarda ya aika wasiƙa.

Hujjoji biyu suna ƙarfafa wannan fahimta. Ta farko ita ce, mutane ba su cika sauyawa ba ko da daga tsohuwar Windows ne zuwa sabuwa. Windows XP ta fito a 2001, kuma lokacin da aka daina kula da ita ranar 8 ga watan Afrilu, 2014, miliyoyin kwamfutoci na kanta. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali an fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris. Da Microsoft ya so a koma Windows 10 a 2015, sai da ya bayar da ita kyauta na shekara guda, ya kuma sa kwamfutoci su riƙa damun masu su da tuni. Da aka kawo ƙarshen kulawa ta yau da kullum da Windows 10 ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba su bar ta ba.

Hujja ta biyu ita ce Android. A kan zuciyar Linux aka gina ta, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, kuma ta zama babbar manhajar da ta fi kowace yaɗuwa a wayoyin duniya. Haka kwamfutocin Chromebook da suka fito a 2011. Linux ɗin da ta shafe shekara talatin rabonta a kwamfutocin tebur bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100 ba, ita ce biliyoyin mutane suka karɓa ba gardama da ta zo musu a cikin kwali.

8.0 Abin da Ya Shafi Harsunan Nijeriya

Tun da babbar manhaja ce ke karɓar abin da aka danna ta kuma fito da haruffa, duk harafin da ba ta tanada ba ya zama baƙo a kwamfuta. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, na IBM PC kuwa 256, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ na Hausa a cikinsu, babu ƴ da ŋ na Fulfulde, babu ǝ na Kanuri, babu ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci, babu ị da ụ na Igbo. Waɗannan kuwa haruffa ne masu rarrabe ma'ana. A Hausa su ne ke raba baƙi da baki, da ƙafa da kafa, da ɗaka da daka. A Yarabanci ɗigon ƙasa ne ke raba oko, wato gona, da ọkọ, wato miji.

Masana harsuna ba su zauna ba. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci samar da haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, aikin da Farfesa Kay Williamson da mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf suka sa hannu a ciki. Masu buga littattafai da sassan jami'o'i sun yi ta amfani da haruffa na musamman da ake ɗora wa kwamfuta, waɗanda ke rikiɗewa su zama shirme da zarar an buɗe takardar a wata kwamfutar da ba ta da su. Tsarin Unicode da ya fito a farkon shekarun 1990 ya ba waɗannan haruffa lambobi na dindindin. An kuma sami manhajojin allon rubutu irin su Keyman, har ma a tsakiyar shekarun 2000 aka fitar da Wazobia Linux mai magana da Hausa da Yarabanci da Igbo.

Duk waɗannan ƙoƙarce-ƙoƙarce sun ci karo da shingen da ya tare OS/2 da BeOS, domin kowanne yana bukatar mai amfani ya nemo wani abu ya ɗora da kansa. Ko da Microsoft ya fitar da fassarar fuskar Windows cikin manyan harsunan nan uku a zamanin Windows Vista, a matsayin ƙari ta zo wanda sai an sauko da shi. Allon rubutun Hausa da na Igbo da na Yarabanci suna cikin Windows tun zamanin Windows 7, amma a cikin saiti suke a kwance, kuma ba a zana haruffansu a kan maɓallan kwamfutocin da ake shigowa da su ba. Sakamakon haka shi ne ɗimbin rubutun Hausa marar lanƙwasa da na Yarabanci marar ɗigo da ya cika intanet, wanda kuma daga gare shi ne yara da na'urorin fassara suke koyon yadda ake rubuta waɗannan harsuna.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin babbar manhajar kwamfuta tun daga lokacin da take faifai a hannun mai ita har zuwa lokacin da ta ɓace a cikin na'ura. An ga yadda yarjejeniyar 1980, da faifan ajiya na ciki, da tsarin lasisi, da tarin ƙananan manhajoji suka haɗu suka mayar da zaɓi hannun masu ƙira da manyan masu saye. An kuma ga cewa inganci da araha ba su taɓa isar wata manhaja ta ci kasuwa ba idan ba ta zo a cikin na'ura ba. Bisa ga haka, zaman mai amfani a kan abin da ya tarar lissafi ne mai ma'ana na lokacinsa da dukiyarsa da aikinsa.

Darasin da ke ciki ga manazarta harsunan Nijeriya shi ne, aikin daidaita ƙa'idojin rubutu da ƙirƙiro allon rubutu ba ya kammala sai ya isa inda ake yanke shawarar abin da zai zo a cikin kwali. Gwamnatoci da jami'o'i da hukumomin jarrabawa suna sayen kwamfutoci dubbai, kuma tarihi ya nuna cewa irin waɗannan masu saye ne kamfanoni ke saurara wa. Da za su sa sharaɗin cewa kowace kwamfutar da za a kawo musu ta zo da allon rubutun harsunan ƙasa a kunne, da haruffan a zane a kan maɓallai, da ɗalibin da ya zauna a gabanta ya rubuta ƙ da ọ da ị ba tare da ya nemi izinin kowa ko taimakon mai gyara ba.